Ciwon ƙeya mai tashi da nishi: Wane aiki mai shi zai yi, wanne zai bari?

Daga wakilinmu a Ngawundere

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Ngawundere da hantsi, lokacin da jirgin Yawunde ya iso bayan ya kwana a hanya, ya san cewa arzikin garin nan a wuyan mutane yake. Tun shekarar 1974 da layin dogo ya iso nan ya tsaya, kayan da za su wuce Garwa da Marwa da Kusiri har Njamena a nan ake sauke su, a sake loda su a manyan motoci. Buhun shinkafa, buhun siminti, katan-katan na sabulu, huhun goro, wani ya naɗa gammo ya ɗauka a ka, wani ya saɓa a kafaɗa, wani ya rungumo a ƙirji yana nishi. Haka abin yake a Mbaibum da Ngawi, haka yake a Mubi. Mu da muka tashi a cikin wannan harka ba mu ɗauki nishi a bakin komai ba, domin da shi ake ciccibar kaya.

Kwanakin baya wani bawan Allah da ke fataucin albasa da gyaɗa tsakanin Garwa da Ngawundere ya same mu a gidan rediyo bayan mun kammala shirin kiwon lafiya. Ba zai wuce shekara arba'in ba. Ya ce ya yi shekaru yana fama da wani ciwon kai da ke sarar sa a ƙeya duk lokacin da ya yunƙura zai ɗaga buhu, ko ya yi tari, ko atishawa, wani lokaci ma dariya kawai kan tayar da shi. Ciwon ba ya daɗewa, kafin minti ɗaya ko biyu ya lafa, shi ya sa ya yi ta share shi. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne ranar da ya ɗauki butar shayi daga kan gawayi da hannun dama, bai ji komai ba sai da yaron shagonsa ya nuna masa fatar yatsunsa ta saluɓe.

Daga nan maganganu suka fara. Wasu suka ce jifa ne, wasu a bayan idonsa suka ce kuturta ce. Ya sha rubutu, an yi masa ƙaho a ƙeya, an yi masa tsaga. Daga ƙarshe wani ƙaninsa ya matsa masa suka shiga jirgi zuwa Yawunde, aka ɗauki hoton kansa da wuyansa da na'urar MRI, wadda a asibitocinmu ake kira IRM da Faransanci. Likita ya gaya masa sunaye biyu da bai taɓa ji ba, ya ce ya daina ɗaukar kaya masu nauyi, ya kuma fara shirin aikin tiyata. Tambayar da ta kawo shi wurinmu ita ce: yanzu kwanciya zai yi a ɗaki ke nan? In ya kwanta, wa zai ciyar da mutum tara?

Wannan tambaya ce ta sa muka bi diddigin lamarin, domin mun tabbata ba shi kaɗai ba ne.

Mene ne ciwon?

A ƙasan ƙoƙon kan mutum, daidai inda kai ya haɗu da wuya, akwai wata ƙofa da faɗinta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Ta nan ne laka ke fita daga ƙwaƙwalwa ta gangara cikin ƙashin baya. Ta nan kuma wani ruwa garai-garai da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka yake kai da komowa tare da kowane bugun zuciya. Jiki na samar da kusan rabin lita na wannan ruwa a kowace rana, yana kuma shanye shi. A wasu mutane, ɗakin da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ke zaune ya yi mata kaɗan, sai gindinta ya zurmo cikin ƙofar nan ya tsuke hanyar ruwan, kamar yadda ake cusa tsumma a bakin kwalba. Idan zurmowar ta kai milimita 5 ko fiye, likitoci kan kira abin da sunan Hans Chiari, ana furta shi Kiyari, wani likita ɗan ƙasar Ostiriya da ya bayyana shi a 1891 lokacin yana aiki a birnin Prag. Akasari da shi ake haihuwar mutum, amma yakan ɓoye har sai an girma.

Suna na biyu da aka gaya wa baƙon namu shi ne siringomiyeliya. Wato idan hanyar ruwan ta daɗe a tsuke, ruwa kan taru a tsakiyar laka ya yi kogo mai tsawo kamar cikin sarewa. Kogon nan yana fara danne jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da sanyi da raɗaɗi, musamman na hannuwa da kafaɗu da saman baya. Mutum zai ji in an shafa shi, amma ba zai ji wuta ba. In ya ci gaba, naman hannu ya rame, yatsu su yi rauni, ƙafafu su sandare. Ba Kiyari kaɗai ke kawo kogon ba. Wanda ya taɓa karya ƙashin baya ko wuya a haɗarin mota ko babur, da wanda ya yi sanƙarau ko tarin fuka ya taɓa masa laka, zai iya samun sa ko bayan shekaru. Mu da ke zaune a yankin da sanƙarau ke ziyarta da rani, kuma 'yan moto suka cika titunanmu, wannan magana ta shafe mu.

Zargin kuturta da aka yi wa mutumin ba sabon abu ba ne. A 1883 wani likitan ƙauye a Faransa mai suna Morvan ya bayyana marasa lafiya da yatsunsu ke ruɓewa ba tare da sun ji zafi ba, kuma likitocin zamanin sun daɗe suna jayayya ko kuturta ce ko ciwon laka. Bambancin a yau a fili yake. Kuturta ƙwayar cuta ce, tana zuwa da tabo a fata, ana warkar da ita da ƙwayoyin da ake bayarwa kyauta. Kogon laka kuwa ba ƙwayar cuta ba ce, ba a ɗaukar sa a wurin kowa, ba a kuma shafa wa kowa.

Sai dai a yi hattara, ba duk ciwon ƙeya ne Kiyari ba. Hawan jini da zazzaɓin cizon sauro da gajiya sun fi shi yawa nesa ba kusa ba, kuma ciwon ƙeya da ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba na jira ba ne, a garzaya asibiti a ranar. Hoton MRI ne kaɗai ke tabbatar da Kiyari da kogon laka, hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna su.

Inda haɗarin yake

Abin da muka fahimta, wanda kuma muke so mai karatu ya riƙe, shi ne motsi ba shi ne abokin gabar mai wannan ciwo ba. Abubuwa biyu ne: yunƙuri tare da riƙe numfashi, da kuma jijjigar wuya.

Ku lura da ɗan dako in zai ɗaga buhu mai kilo 100. Zai ja iska ya cika ƙirji, ya rufe maƙogwaro, ya ɗaure ciki, jijiyoyin wuyansa su fito raɗa-raɗa. A wannan lokaci jini na cika jijiyoyin da ke kewaye da laka, su matse ruwan nan su tura shi sama zuwa cikin kai. Ga mai lafiya, da ya saki numfashi ruwan zai koma inda ya fito, shi ke nan. Ga mai Kiyari kuwa, ruwan ya hau amma hanyar dawowa a tsuke take, sai ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙara dannuwa cikin ƙofar. Wannan ne sarar da yake ji a ƙeya. Shi ya sa tari da atishawa da nishi a bayan gida duk suke tayar da ciwon iri ɗaya da ɗaga buhu, kuma shi ya sa likitoci ke gargaɗin mai kogon laka a kan yunƙuri mai tsanani.

Littattafan Turawa in sun zo nan sai su yi ta maganar ɗaga ƙarfe a gidan motsa jiki da wasan lilo na zamani. Namu ɗaga ƙarfen daban ne. Shi ne jarka mai lita 20 a ka, wadda nauyinta kilo 20 ne a kan ƙasusuwan wuya guda bakwai da aka halitta su ɗauki kai mai kilo 5. Shi ne jan guga a rijiya mai zurfi, da daka a turmi, da faskare, da tura motar da ta mutu a hanya, da kokawar kayar da sa a kasuwar shanu. Kayan ka ya fi kowanne muni, domin ya haɗa biyun: ana nishi wajen ɗorawa da saukewa, sannan kowane taku yana buga nauyin a wuya.

Matasanmu kuma da ke cika gwangwani da siminti su soka ƙarfe suna ɗagawa a lungu don ƙirji ya buɗe, wanda aka tabbatar yana da alamun ciwon nan ya haƙura da wannan. Haka kokawa da dambe da alkafura da tsayuwa da ka, da sa wa ƙwallo kai, da sukuwar doki a hawan salla, da faɗawa ruwa da ka. Akwai wani abu kuma da muke gani kullum ba mu ɗauke shi komai ba: mai aski ko mai tausa ya kama kan mutum ya murɗa har wuya ya yi ƙara. Mai Kiyari kada ya yarda ko da wasa. Kada kuma ya kai wuyansa wurin maɗori a ja masa, domin ba targaɗe ba ne, ba gocewar ƙashi ba ce.

Kwanciya ba magani ba ce

To amma kada tsoro ya wuce gona da iri. Tun da na'urar MRI ta yawaita a duniya aka gano cewa kusan mutum 1 cikin 100 da aka ɗauka hoto yana da wannan zurmowa, kuma da yawansu ba su taɓa jin komai ba har su tsufa. A 2016 likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar yara sama da 500 masu Kiyari, fiye da 300 daga cikinsu suna wasannin motsa jiki iri-iri, ba a samu ko ɗaya da wasa ya jawo masa shanyewar jiki ko mutuwa ba. A 2023 kuma wata babbar ƙungiyar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba da shawarar cewa wanda ba shi da wata alama, kuma ba shi da kogo a laka, kada a hana shi harkokinsa. Mu dai a namu ganin, wannan labari ne mai daɗi amma a san inda ya tsaya: yara ne da likita ke duba su a kai a kai, ba magidanci mai kogo a laka da ke sauke tirela ba. Wanda yake da alamu ko kogo, iyakarsa likitan da ya ga hotonsa ne zai shata masa.

Wanda ya kwanta a ɗaki saboda tsoro kuwa, wata matsalar yake saye. Naman jiki zai saki, ƙiba ta zo, ciki ya riƙa ɗaurewa, ga hawan jini da ciwon suga na jira a ƙofa, ga baƙin ciki. Kuma ƙafar da ba ta saba tafiya ba ita ta fi saurin kayar da mai ita.

Tafiya a ƙasa ita ce uwar motsi ga mai wannan ciwo, kuma ba ta cin ko dala. A fara da minti 10 a wuri mai laushi da ba gargada, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako har a kai minti 30 sau biyar a mako, wanda shi ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so kowane baligi ya samu. Ma'aunin shi ne mutum ya iya hira da na kusa da shi yana tafe. In magana ta gagara, ya yi sauri da yawa. Mu a Ngawundere Allah ya hore mana sanyin tudu, kowane lokaci ana iya fita, sai dai a bar hawan dutsen gari da gangarensa ga masu lafiya. Mutanen Garwa da zafinsu ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, su fita bayan asuba ko gab da magariba, da gorar ruwa a hannu, domin kogon laka kan rikita yadda jiki ke yin gumi.

Keke ma yana da kyau in mai shi ba ya jiri, a kan hanya shimfiɗaɗɗiya, da sirdi da kan keken a daidaita yadda zai zauna a miƙe ba ya ɗaga haɓa. Iyo a ruwa mai tsabta likitoci na yaba shi don ruwa na ɗauke nauyin jiki, amma ba za mu tura kowa kogin Binuwai ba, ga tsargiya ga dorina.

A cikin gida ko a shago, akwai ƙananan motsi da ake yi a zaune: a ja kafaɗu baya kamar za a haɗa allunan baya, a riƙe ana ƙirga biyar, a saki. A matsa soso ko ƙwallon roba mai laushi a tafin hannu. A tashi daga kujera a koma a zauna a hankali sau goma. A dafa bango a tsaya da ƙafa ɗaya. Wanda ya samu likitan gashi, wanda a nan muke kira kine, ya nuna masa takardun hotonsa tukuna kafin a taɓa wuyansa.

Dabarar da ta fi burge mu ita ce ta ƙirga. Duk abin da mutum zai ɗaga, ko tukunya ce ko yaro, ya durƙusa da gwiwa, ya jawo abin jikinsa, ya riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku da babbar murya yana miƙewa. Mai magana ba zai iya riƙe numfashi ba. In kayan ya kai nauyin da sai an yi shiru an cije kafin ya tashi, to ba nasa ba ne, ya kira yaro, ko ya raba shi biyu, ko ya nemi baro ko pus-pus. In kuma a tsakiyar wani aiki ƙeya ta sara, ko jiri ya zo, ko hannu ya ƙara sagewa, a tsaya nan take. Aikin da ciwonsa ya kwana har gobe, ya yi yawa.

Hanya, gida da masallaci

Ɗan kasuwa ba ya rabuwa da hanya, don haka ba za mu ce a daina tafiya ba. Amma wanda zai gangara Falez zuwa Garwa, ko ya bi hanyoyin ƙasa na kasuwannin kan iyaka, ya nemi kujerar gaba ko ta tsakiya ko da zai ƙara kuɗi, kada ya zauna a kan tayar baya, kada kuma ya hau saman kaya. Ya naɗe rawani ko tawul ya tokare wuya, kada ya yi barci kai na lilo. Babur a kan gargada shi ne mafi wahala ga wuya. In ya zama dole, a sa hular kwano, a ce wa ɗan moto ya bi a hankali, wanda ya ƙi a sauka.

A gida kuwa a yaƙi taurin bayan gida da ruwa da ganye, zogale da kuɓewa da gwanda da mangwaro duk muna da su. A nemi maganin tari da wuri, a rufe hanci lokacin ƙurar hunturu, mai shan taba ya ajiye. Wanda hannunsa ba ya jin zafi kada ya gwada ruwan wanka da wannan hannu, kada a gasa masa jiki da ruwan zafi ko tsumma mai zafi, kada ya matsa kusa da wuta lokacin sanyin Disamba. Kowane dare a duba masa yatsu da tafin hannu ko akwai ƙuna ko yanka da bai sani ba, domin ƙaramin rauni da ba a ji shi ne ke zama gyambo.

Akwai waɗanda ruku'u da sujada ke tayar musu da sarar ƙeya ko jiri. Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa mara lafiya yana da sauƙin yin salla a zaune, don haka a tambayi limamin unguwa, kada kunyar idon mutane ta sa a cutu. Mace mai wannan ciwo in ta samu ciki ta faɗa tun ranar awon farko, saboda nishin naƙuda, a tsara mata inda za ta haihu. Yaron da aka ga bayansa na karkacewa yana girma, shi ma a kai shi a duba, don wani lokaci kogon laka ne ke jawo hakan.

Motsa jiki ba ya mayar da ƙwaƙwalwa mazauninta, ba ya kuma zuƙe ruwan kogo, duk wanda ya ce yana da tausa ko jiƙon da ke yin haka kuɗinku yake so. Abin da ke buɗe hanyar shi ne tiyata, inda ake cire ɗan ƙashi a ƙeya don a faɗaɗa ƙofar, kuma sau da yawa kogon kan motse bayan haka. Sai dai jijiyar da ta riga ta mutu ba lallai ta dawo ba, shi ya sa jinkiri ke da tsada. Alamun da ba a kwana da su: ƙwarewa wajen haɗiya, sauyin murya, ganin abu bibbiyu, yawan faɗuwa, sabon rauni a hannu ko ƙafa, kasa riƙe fitsari, ko iyali su lura numfashin mutum na ɗaukewa a cikin barci.

Baƙon namu ya sake leƙo mu bayan 'yan makonni. Ya sayi pus-pus na hannu, ya ɗauki ɗan yayarsa aiki, shi kuma ya koma kan ciniki da lissafi. Albasar da yake saye yanzu a ƙananan buhuna ake zuba masa, abokan sana'a na yi masa tsiya wai ya zama mai kayan miya. Daga gida zuwa kasuwa a ƙafa yake zuwa da safe, maiɗakinsa ke duba masa hannu da dare, kuɗin tiyata kuma ana kan tarawa, ya sayar da shanu biyu, saura bai kai ba tukuna. Da za mu rabu ya roƙe mu abu guda, ya ce mu maimaita a rediyo da Hausa da Fulatanci cewa ciwon nan ba a ɗaukar sa, domin har yanzu akwai waɗanda suka yi shekara ashirin suna cin tuwo kwano ɗaya da shi da in ya zauna sai su ce sun ƙoshi.